Shekararmu ta Tarminal a Garwa

A Kamaru ba a faɗawa ajin ƙarshe na lise, wato babbar sakandare, da sa'a. Sai ka tsallake jarrabawar BEPC ta ƙaramar sakandare tukuna, bayan shekara biyu kuma jarrabawar Probatuwar ta tare maka hanya, ita kuwa ba ta san ɗan wane ba. Wanda bai ci ta ba, babu shi babu zaman Bak, jarrabawar gama sakandare. Shi ya sa ajinmu na Tarminal D, ajin ƙarshe na 'yan kimiyya, a shekarar karatu ta 2018 zuwa 2019, ya tara mutane iri-iri. Akwai 'yan shekara sha bakwai da ba su taɓa maimaita aji ba, akwai masu gemu da Probatuwar ta kayar har sau biyu, suka tashi suka kakkaɓe riga. Ɗaya daga cikin masu gemun nan moto, wato babur na haya, yake ja da yamma tsakanin Yelwa da babbar kasuwa, da safe ya zauna a bencin baya yana gyangyaɗi. Amma in lissafi ya cije, wajensa duk muke komawa.

A gaban malami Faransanci ake yi, da an kaɗa ƙararrawa sai Fulatanci. Mu Hausawa in za mu yi gulmar sirbeyan, mai kula da ladabtar da ɗalibai, sai mu koma harshenmu, har muka gano rabin abokanmu Tupuri da Mundang da Fali sun daɗe da tsintar Hausa a kasuwa, suna ji suna dariya a ciki.

Abin da ya fara haɗa kan ajin ma ƙwallo ne. Ranar Juma'a 30 ga Nuwamba 2018 hukumar ƙwallon Afirka ta ƙwace wa Kamaru karɓar baƙuncin gasar cin kofin Afirka ta 2019, alhali muna gani da idonmu ana ta aikin filin Rumde Ajiya. Ranar Litinin malamin falsafa ya shigo ya tarar da aji kamar kasuwar kara. Bai yi tsawa ba. Alli ya ɗauka ya rubuta a allo: shin alkawari yana hawa kan wanda ba shi da halin cikawa? Aka kwashe awa biyu ana musu. Mu 'yan D da muka raina falsafa, muka saba jefa sunan masana falsafar Kamaru Marcien Towa da Njoh-Mouelle cikin kowace amsa don neman maki, ranar muka fara gardama da kanmu. Masar ce ta karɓi gasar, mu kuma sai a Janairun 2022 muka ga Afirka a Garwa.

Makon matasa ya zo da nasa hayaniyar: atisayen maci cikin ƙura, wasan ƙwallo tsakanin ajujuwa, daren raye-rayen gargajiya. Ranar 11 ga Fabrairu muka fita fareti da kayan makaranta da suka sha gugar gawayi, muna taku da ƙarfi don mun san na ƙarshe ke nan.

Daga Maris wasa ya ƙare. Duk wanda ya san Garwa ya san zafinta, ya kan haura digiri 40, ga rufin kwano, ga aji cike maƙil. Bayan sha biyun rana babu abin da ke shiga kai. Sai dare. A daren ma, in ruwan madatsar lantarki ta Lagdo ya ja baya a rani, ana yawan ɗauke wuta. Maza dai da sauƙi, mu ɗauki littafi mu tafi ƙarƙashin fitilar titi ko mu koma makaranta bayan isha'i. 'Yan mata fa? Wace uwa ce za ta bar budurwa ta fita ƙarfe tara da sunan bita?

Akwai wata a ajinmu da ta fi kowa gane kimiyyar halittu, ita ce ke warware mana lissafin gadon halitta, mu kuma muna da mai moto a lissafi da fiziks. Shawara ta tsaya a kan mu je mu roƙi mahaifinta, wani dattijo mai sayar da atamfa. Muka same shi bayan la'asar a ƙofar gida, muka durƙusa.

"Baba, alfarma muka zo nema."

Ya saurare mu har ƙarshe yana jan carbi, sannan ya ce, "Samari, na ji. Ga zaure nan. Ƙofa a buɗe, ƙaninta yana zaune, ƙarfe goma kowa ya kama gabansa. In na ji shewa, an gama."

Muka haɗa dala ashirin-ashirin, wato sefa ɗari-ɗari, muka sayi falle ɗaya na katako, muka shafa masa baƙin fenti, muka jingina shi da bango. Fentin bai gama bushewa ba muka fara rubutu, shi ya sa zanen ƙoda na farko da ta yi ya zauna a jikinsa har ƙarshen shekara, duk lissafin da aka yi a kansa aka yi. Ganin zauren Alhaji ne, wasu iyayen ma suka saki 'ya'yansu mata suna zuwa da rakiya.

Azumi ya kama a farkon Mayu, daidai lokacin da bita ta yi zafi, sai Alhaji da kansa ya ɗage dokar ƙarfe goma. Bayan asham mu zauna har dare ya raba. Hajiya ta aiko da kunun gyaɗa a babban kwano da ƙosai, ba ta taɓa tambayar wa ya yi azumi wa bai yi ba. Abokanmu Kirista kuwa da rana ko ruwa ba sa sha a gabanmu, ba kuma wanda ya roƙe su.

Ba na rage wa malamanmu komai, sun yi iya yinsu da aji mai yawa irin wannan. Amma in aka tambaye ni inda na ci Bak, a zauren nan ne. Kuma har yau ina jin ciwon 'yan matan da gidajensu suka yi nisa ko iyayensu suka ƙi, don wasunsu ba kai suka rasa ba, wurin zama da fitila suka rasa.

Jarrabawar kanta ba ni da dogon labari a kanta: an yi ta wasanni, an yi ta rubutu, aka shiga jira. A Yuli sakamako ya fito. Mai moto ya ci, ranar kyauta ya yi ta ɗaukar mutane. Biyu daga cikin 'yan zauren ba su kai goma bisa ashirin ba, suka koma aji a Satumba, muka bar musu allon.

Daga nan aka watse. Wasu Marwa, wasu jirgin ƙasan dare zuwa Yawunde, ni da mai moto jami'ar Ngaundere da ke Dang. Ita kuwa wadda ta koya mana, da sakamakonta da ya fi na kowa, Alhaji ya ce zaure daban, Ngaundere daban, ba zai tura 'ya mace kusan kilomita 280 ta zauna ita kaɗai ba. Aka yi mata aure a shekarar. Sai da aka kafa Jami'ar Garwa a 2022 ta koma karatu, da goyo a bayanta. Kwanan baya ta rubuto a zaurenmu na WhatsApp tana neman wanda ya ajiye tsohon littafinsa na kemistiri, wai 'yan ajinsu duk Anti suke ce mata, kuma sun riga sun naɗa ta mai yi musu bita.