Sai ka ga yadda ƙwallo ta bar hannu

Shekara ta biyu ke nan ina alƙalancin wasan besbol na yara a jihar Ohayo ta Amurka, inda muke zaune da iyali. Ɗana ne sanadi. Ya shiga ƙungiyar unguwa, aka nemi iyaye su taimaka, na ba da sunana, da sharaɗin ba zan yi alƙalanci a wasan da yake ciki ba. A lokacin gani nake cafe ƙwallo ba ya buƙatar wani dogon bayani: ta shiga safar hannu, magana ta ƙare.

A wasana na uku ne na gane ba haka ba ne. Mai bugu ya ɗaga ƙwallo sama, wani yaro ɗan shekara 11 ya sheƙa da gudu ya miƙa hannu, ta faɗa cikin safarsa. Nan take na dunƙule hannu na ɗaga, na ce “Awut!”, wato mai bugun ya fita, tunda an cafe ƙwallon da ya buga kafin ta taɓa ƙasa. Ban sauke hannun ba yaron ya yi tuntuɓe ya kifa, ƙwallon ta fice tana gangarawa a ciyawa. Shi kuwa mai bugun ya ji muryata, har ya juya ya nufi benci, kansa a sunkuye. Na tauye masa haƙƙi. Har yau ina ganin bayan yaron nan yana tafiya.

Da aka tashi, abokin aikina, wani dattijo da ya daɗe a harkar, ya ja ni gefe. Bai yi mini faɗa ba. Ya ce idona ya tsaya a shigar ƙwallo, alhali doka fitarta take dubawa. Da na koma gida na buɗe littafin dokoki, sashe na 5.09, na tarar da haka. Dole ɗan wasa ya riƙe ƙwallo gam a hannu ko a safa, ba da hula ko aljihu ko riga ba. Idan ya faɗi, ko ya yi karo da katanga ko da wani, ƙwallon ta suɓuce saboda haka, to bai cafe ba, ko da ya yi taku da ita. Abin da ke tabbatar da kamu shi ne ya sake ta da ganganci, don ra'ayin kansa.

Akwai wurin da ya fi wannan ruɗani. Yaro ya cafe, ya sa ɗaya hannun zai zaro ƙwallon ya jefa, sai ta faɗi. Wannan kamu ne, domin a wajen jifa ta kuɓuce. Ko manyan alƙalai sun sha fama da shi: a farkon kakar 2014, shekarar da babbar gasar MLB ta faɗaɗa duba bidiyo, an tsaurara fassarar, aka riƙa soke kamun da kowa ya yarda da shi, har sai da aka sassauta kafin watan Afrilu ya ƙare. Mu a filin yara ba mu da bidiyo, ido ne kawai.

Shi ya sa dattijon ya koya mini tsayuwa. Kada ka yanke hukunci kana gudu, domin kanka na rawa, ba za ka bambance ƙwallon da aka cafe da wadda ta fara taɓa ƙasa ba. Ka nemi gefe inda za ka hango tsakanin safa da ciyawa, ka ja birki, ka yi shiru har ƙwallo ta fito. Jiran nan bai wuce daƙiƙa biyu ba, amma da iyaye na ihu a bayanka sai ka ji kamar awa guda.

A watan jiya wata yarinya ta yi tsalle ta cafe, ta mirgina har sau biyu. Koci yana ta kiran “Awut ne!” Na yi tsit, ina kallon safarta. Ta miƙe, ta zaro ƙwallon da hannunta, ta jefa wa mai tsaron gida na biyu, ɗaya daga cikin wuraren da masu gudu ke tsayawa a fili. Sannan na ɗaga hannu.