Mako na shida da birkin Hilux ɗin kawu: ga inda na kai

Salam 'yan uwa masu koyon gyaran mota, musamman ku da muke fama tare a kan birki. Kwana biyu kun ji ni shiru, wallahi aikin ne ya riƙe ni, don a-kori-kurar kawuna da na ce muku a kanta zan koya ta ba ni aiki fiye da yadda na zata. Ga wanda bai san zancen ba, Hilux ce ƙirar 2016, mai fetur, injin 2.7, giyar hannu, mai jan taya huɗu. Kawu da ita yake jigilar masara da taki tsakanin gona da kasuwa, ni kuma sai Asabar da Lahadi nake samunta in kai ta garejin ogan da yake koya min, in yi da hannuna shi yana tsaye a kaina.

Abin da ya fara tayar min da hankali shi ne ranar da na lura an manna baƙin salatif a jikin gilashin mita, na ɓare sai ga fitilar ABS tana ci, ashe ta fi wata biyar a haka, wani ne ya ce wa kawu ya rufe ta kawai tunda birki yana kamawa. To gaskiya ne yana kamawa, in fitilar ABS kaɗai ce ta kama birkin gargajiya yana nan yana aiki, amma na'urar da take hana taya ƙullewa ta kashe kanta, kuma ba za ka san ka yi rashi ba sai ranar da akuya ko yaro ya faɗo maka titi bayan an yi ruwa. Don Allah duk wanda aka kawo masa mota da wannan salatif ɗin kar ya mayar da shi.

Na fara da gaba. Hilux birkin gabanta faifai ne, na bayanta duram. Da muka ɗaga ta muka sa mata ƙarfen tokare (oga ba ya yarda kowa ya sa hannu a ƙarƙashin mota tana kan jak kaɗai, kuma ina bayansa ɗari bisa ɗari) na cire taya sai na ga fad ɗin gefen direba na ciki, wato abin da yake matse faifai in an taka birki, ya cinye saura kaɗan ƙarfe ya fara cin faifai, na waje kuma da sauransa sosai. Kalifar motar, wato gidan da yake riƙe fad ya matse shi a faifai, mai fistin huɗu ce, biyu ta kowane gefe, kuma robar ɗaya daga ciki ta yage, ƙura da ruwa sun shiga ya yi tsatsa, in ya fito ba ya komawa, shi ya sa fad ɗin yake ta gugar faifai ko ba a taka birki ba. Nan na koyi cewa ba kaurin fad kaɗai ake dubawa ba, yadda ya cinye ma magana yake yi. Faifan kuma akwai adadin mafi ƙarancin kauri da aka buga a jikinsa, sai ka goge tsatsa za ka gani, muka auna namu bai kai nan ba tukuna muka bar shi.

Ga kuskuren da na yi, ku kiyaye. Da zan tura fistin baya don sabon fad ya shiga ban buɗe bonet na duba kofin man birki ba, ashe wani ya cika shi fal lokacin da fad ya cinye man ya sauka, ina turawa man ya koma sama ya yi ambaliya ya zubo a jikin fenti. Man birki yana cin fenti, oga ya sa na kwara ruwa nan take. Saukar mai a kofi a hankali sau da yawa alama ce ta fad yana ƙarewa, ba wai a yi ta ƙari ba, in kuma ya sauka da sauri to yoyo ne, a nemo shi. Sannan bayan ka sa sabon fad kar ka kuskura ka motsa motar sai ka tattaka birki ya yi tauri, don takun farko ƙasa yake tafiya fanko.

Man kansa ya yi baƙi kamar shayin da ya daɗe a wuta. A nan na daɗe ina karatu don da ban san dalilin da ake canja shi ba alhali ba ƙonewa yake kamar baƙin mai ba. Ashe shan danshin iska yake yi. Sabon man birki nau'in DOT 3 ba ya tafasa sai zafi ya kai aƙalla digiri 205, amma in ya sha ruwa ma'aunin yana sauka zuwa wajen 140, DOT 4 kuma 230 ne sabo, 155 in ya jiƙe. In man ya tafasa a cikin kalifa tururi yake zama, tururi kuma matsuwa yake, sai ka taka ka ji ƙafarka ta tafi ƙasa ba komai. Abin da aka rubuta a murfin kofin shi za ka zuba, namu DOT 3 ne, kuma ka sayi gwangwani a rufe, wanda aka buɗe aka ajiye wata da watanni a shago ya riga ya fara shan danshi. DOT 5 kuwa wani jinsi ne daban na silikon, ba a haɗa shi da waɗannan sam.

Cire iska mu biyu muka yi, ƙanina a kujera ni a ƙasa da sifana da siririn tiyo a cikin gora, ina ce masa taka, riƙe, in buɗe notin fitar da iska in rufe, sannan in ce saki. Daga tayar da ta fi nisa da masta, wato famfon da yake tura man birki zuwa tayoyi, muka faro. Abu ɗaya da oga ya yi ta nanatawa shi ne kar kofi ya ƙafe, don in iska ta shiga akwatin ABS fitar da ita sai an haɗa da kwamfuta, shi ya sa bayan kowane taku biyar zuwa shida nake tashi in leƙa.

Baya bai ba ni wahala sosai ba, layinin da yake gugar duram da sauransa, sai dai silindar hagu da take tura layinin tana ɗan tsatsafo da mai a ƙarƙashin roba. Ƙurar cikin duram kar ku busa ta da iska ku shaƙa, ku wanke ta. Hambirki ma a nan baya yake kamawa da waya, sai da muka daidaita layinin sannan muka taɓa wayar, ba akasin haka ba.

Yanzu ga abin da ya fi burge ni a duk makonnin nan, kuma shi ne ya sa na gane cewa birkin a-kori-kura ba ɗaya yake da na ƙaramar mota ba. Wannan motar kamar mota biyu ce a jiki ɗaya. In ba kaya bayanta ba nauyi, injin da mutane duk suna gaba, kana taka birki nauyin ya ƙara zubowa gaba, tayoyin baya su yi sakayau, ƙaramin matsi ya ishe su ƙullewa, in kuwa baya ya ƙulle kafin gaba sai motar ta juyo da kai. In kuma an loda mata buhu takwas na masara bayan ya danne ƙasa, yanzu yana buƙatar birki mai ƙarfi. To ta yaya mota za ta san ko da kaya ko babu? Oga ya kai ni ƙarƙashin wata tsohuwar Hilux da ke garejin ya nuna min wani bawul a jikin shasi da dogon ƙarfe mai sifirin da ya tafi ya kama aksul na baya, in kaya ya danne bodi ƙarfen ya motsa bawul ya ƙara wa baya mai, in ba kaya ya rage. Ya ce da yawa in an ƙara wa mota ganyen sifirin don ta ɗauki lodi ba a sake saita wannan bawul, sai birkin baya ya rikice. A ta kawu babu shi, kwamfutar ABS ce take wannan aikin da abin da ake kira EBD, tana karanta gudun kowace taya ta sensa tana raba matsin. Kun ga ke nan sensa ɗin nan ba na ado ba ne.

Kuma sensa ne matsalarmu. Muka jona na'urar duba lalura ta nuna tayar baya ta hagu, na bi wayar da hannu sai na samu inda ta tsinke, da alama kututture ko kara ne ya fizge ta a hanyar gona. Muka sa sabo, na goge bakin sauran don ƙurar ƙarfe tana manne musu, muka share lambar, na tayar da mota fitilar ta kama na 'yan daƙiƙu ta mutu kamar yadda ya kamata. Wallahi daɗin da na ji ba kaɗan ba. Oga ya ƙara min da cewa taya mai girma daban a gefe ɗaya ma tana iya rikita lissafin, don ba gudu ɗaya za su riƙa juyawa ba.

Ranar Lahadi muka je wani fili da ba kowa don in ji ABS da ƙafata. A gudun kilomita 40 oga ya ce taka da ƙarfinka duka, na taka, sai feda ta fara harbin tafin ƙafata tana gurnani kamar wani abu ya karye, ban san lokacin da na ɗaga ƙafa ba. Ya ce to wannan ɗagawar ita ce take jefa mutane a rami, harbin da ka ji na'urar ce take kamawa tana saki sau da yawa cikin daƙiƙa ɗaya, kai naka ka danne ka riƙe ka juya sitiyari inda kake so. Tsohuwar koyarwar a riƙa famfa birki ta motocin da ba su da ABS ce. Sai a karo na huɗu na iya riƙewa har ta tsaya, kuma ina cikin birkin na kauce wa jarkar da muka ajiye. Amma ku sani, a kan tsakuwa da yashi na ga tafiyar tsayawar ta fi tsawo, don tayar da ta ƙulle tana tara ƙasa a gabanta ta tokare, ABS kuma ba ya bari ta ƙulle, abin da yake ba ka shi ne sitiyari. A hanyar burji rage gudu tun da wuri shi ne magani, tunda in ka ninka gudu biyu nisan tsayawa ninkuwa huɗu yake yi.

Na yi wa kawu maganar gangara don yana bin hanyar Jos zuwa Akwanga wani lokaci, kuma duk wanda ya san Hawan Kibo ya san ba wurin wasa ba ne. Da kaya a baya in ka ɗora ƙafa a birki tun daga sama har ƙasa fad zai yi zafi ya daina kamawa, man ma ya iya tafasa. Giya ta biyu ko ta uku za ka sa injin ya riƙe motar, birki kuma ka taka da ɗan ƙarfi ka saki ya huce. Masu sa firi don tsimin mai, har da masu kashe injin gaba ɗaya, abin yana ba ni tsoro ƙwarai yanzu da na san busta, wato na'urar da take ƙara wa takun birki ƙarfi, da zuƙar injin take aiki, injin na mutuwa taku biyu ko uku ne ya rage maka feda ta zama dutse. Ku gwada a tsaye: mota a kashe ku tattaka har ta yi tauri, ku riƙe ku tayar, in busta lafiya take za ku ji feda ta ɗan sauka.

Asabar mai zuwa in sha Allah zan canja silindar bayan nan ta hagu da tiyon roba biyu na gaba da na ga sun fara tsagewa, sannan kawu ya yarda mu loda buhu takwas mu koma filin nan in auna nisan tsayawa da kaya da kuma ba kaya, na riga na sayi tef ɗin awo.