Tirelolin da ba sa shan gas

Da asuba muka bar Abuja, amma cunkoson Mararaba ya cinye mana awa guda cur. Muka wuce Keffi, muka karya kumallo a Akwanga, sai ga mu a Hawan Kibo, tirela biyu na jan ciki a gabanmu, yaran mota na biye da su riƙe da waigi. Shekara 20 na yi ina jan babbar mota, na san abin da ke ran direbobin nan. Kafin Riyom sanyi ya fara ratsa ƙashi.

Ɗan ƙanwata ne ya kira ni Jos. Injiniya ne, wani kamfanin sarrafa hatsi ya ɗauke shi ya gano abin da ke sa motocin masara kwana a bakin get. Masu kamfanin har sun yanke shawarar ƙara wurin sauke kaya. Shi kuwa ya ce a dakata, ya fara gina masana'antar a cikin kwamfuta tukuna.

A ɗakinsa na Bukuru ya buɗe min manhajar AnyLogic. Ga get, ga sikeli, ga sito, ga 'yan tireloli kamar tururuwa suna shiga suna fita. Agogon ciki ba ya bin daƙiƙa, tsalle yake daga isowar wata mota zuwa tashin wata, shi ya sa aikin wata guda ya ƙare shayina bai huce ba. Sai ya sake kunnawa sau da yawa, don kowane zagaye da irin jinkirinsa. Ya ce sana'ar kwaikwayon aiki a kwamfuta ta tsufa: tun 1961 Geoffrey Gordon na IBM ya fito da GPSS, manhajar irin wannan aiki, lissafin jerin gwano kuwa wani masani mai suna Erlang ne ya faro shi a Denmark a 1909, kan kiran tarho.

Ashe sikeli ne ke riƙe komai. Kowace mota sau biyu take hawa, da kaya da kuma fanko, in kuwa ba ya samun sararawa, jinkiri kaɗan sai layi ya miƙe.

Abu ɗaya ya dame ni. Motocinsa a tsare suke isowa, ɗaya bayan ɗaya, kamar 'yan makaranta.

Na ce, "Kai yaro, wa ya ce maka haka muke tafiya? Ayari muke yi, mu jira juna, mu faɗo gari tare da safe. Ranar Juma'a kuma ina lokacin masallaci?"

Ya ce, "Kawu, ai abin da ya sa na kira ka ke nan."

Ya shigar da maganata, ya kunna. Layin tirelolin ya fita get, ya ɓace a gefen allo. Washegari da sassafe ya ɗauki littafi da biro, na raka shi wurin mai shayin da direbobi ke zama.