Tsakanin Leda da Kwando: Me Ake Nufi da Kyautata wa Muhalli?

Idan damina ta kankama a Kaduna, duk wanda ya bi ta Tudun Wada ko Rigasa bayan an ɗauke ruwa zai ga abin da magudanai suke amayarwa. Ledar ruwa da baƙar leda da robobin lemo sukan taru su toshe kwalbati, ruwa ya rasa hanya ya faɗa gidajen mutane, sauran tarkacen kuma ya gangara Kogin Kaduna. Kowace leda a cikin wannan tarin, wani ne a cikinmu ya karɓe ta a hannun mai shago.

A ganina, kyautata wa muhalli yana farawa ne da tambayoyi biyu kafin mutum ya sayi abu: da me aka yi shi, kuma ina zai ƙare idan ya gama aiki? Leda daga man fetur ake samar da ita, amfaninta ba ya wuce daga kasuwa zuwa gida, amma takan yi shekaru masu yawa a ƙasa ba ta ruɓe ba. Akuya ta haɗiye ta ta cushe mata ciki, idan kuma aka ƙona ta, hayaƙin ya shiga ƙirjin yara. Dalilin da ya sa Ruwanda ta haramta ta a 2008 ke nan, Kenya kuma ta bi sahu a 2017.

A nan ne sana'o'in hannu na gargajiya suke da amsar da ta gamsar da ni. Tabarma da faifai da mafici da kwandon kaba, daga ganyen goruba ake saƙa su, kuma bishiyar takan sake tofowa muddin ba a illata kanta ba. Ƙwarya da ludayi daga duma suke, shuka su ake yi. Idan ƙwarya ta tsage ba a yar da ita, gyartai ake kira ya huda gefen tsagar ya ɗinke, ta koma bakin aikinta, ranar da ta mutu kuwa sai ta ruɓe ta zama taki. Randa tana sanyaya ruwa ba tare da wutar lantarki ba, domin danshin da ke tsattsafowa ta jikin yumɓu shi ke tafiya da zafin idan iska ta busar da shi. Da wannan hikimar ce Malam Mohammed Bah Abba, wani malami a Jigawa, ya yaɗa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan miya, har ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000.

Sai dai ba duk abin da hannu ya yi ba ne yake da sauƙi ga muhalli. Fatar da aka jeme da bagaruwa daban take da wadda aka jiƙa a sinadarin da ake malalar da ruwansa a kwata, kuma gasa tukwane da itacen da aka saro ba a dasa wani ba, ɓarna ce ko da tukunyar ta yi kyau. A ɗaya ɓangaren, masu sana'a a Panteka da ke narka tsohon alminiyam su zuba tukwane, da 'yan bola-jari da ke kai musu kayan, suna rage shara fiye da yawancinmu, ko da yake hayaƙin da suke shaƙa abin dubawa ne.

Abin da ya fi damuna shi ne halinmu na masu saye. Mace za ta shafe kwanaki tana saƙa tabarma, a zo a taya ta da kuɗin da ko kabar bai biya ba, sannan a yi mamakin yadda 'ya'yanta suka ƙi koyon sana'ar, tabarmar roba ta mamaye kasuwa. Wanda zai shiga Kasuwar Barci ko ta Sheikh Abubakar Gumi ya riƙi kwandonsa daga gida, ya ce wa mai tumatir ya bar ledarsa, idan kuma ya tsaya gaban mai faifai, ya biya ta kuɗin da zai sa gobe ta sake sayen kaba.