Wasiƙa daga Italiya: haɗakar Prodi da abin da ta jawo mana

Assalamu alaikum, 'yan uwa na gida. Ina fata kowa yana lafiya, ya iyali, ya hidimomi?

Na ji maganar haɗakar jam'iyyu ta sake cika gari a wajenku, shi ya sa na ce bari in ba ku labarin wadda aka yi nan Italiya, don mu baƙi har yau muna ji a jikinmu.

A 1995 Romano Prodi, malamin tattalin arziki a jami'ar Bolonya, ya hau bas yana zagaya ƙasa. Ya tara tsoffin 'yan kwaminis da 'yan Katolika masu sassauci da masu rajin kare muhalli a inuwa ɗaya mai suna Ulivo, suka kayar da Silvio Berlusconi, attajirin da ke jagorantar masu ra'ayin riƙau, a zaɓen 1996, Prodi ya zama firayim minista. Sun taɓuka, gaskiya, don su suka kai Italiya cikin kuɗin yuro. Amma a Oktoban 1998 Bertinotti, shugaban wata jam'iyyar kwaminis da ke mara musu baya, ya janye goyon bayan jam'iyyarsa kan kasafin kuɗi, gwamnati ta kife da ƙuri'a ɗaya tak, 313 da 312.

A 2006 aka sake ɗinkewa, wannan karon da kowa da kowa, Prodi ya koma mulki. Kundin alkawuransu shafi 281 ne, ministoci da ƙananansu sun haura ɗari, saboda kowace 'yar jam'iyya sai an ba ta kasonta. Abin da ya haɗa su dai ƙin Berlusconi ne, ba wani abu ba. A majalisar dattawa rinjayensu bai taka kara ya karya ba, har sai Rita Levi-Montalcini, wata sanatar dindindin, tsohuwa mai shekara kusan ɗari, ta zo ta kaɗa ƙuri'a kafin gwamnati ta tsira. A Janairun 2008 ministan shari'a Mastella ya fice da mutanensa, Prodi ya faɗi 161 da 156, 'yan adawa na buɗe kwalabe a zauren majalisa.

Abin da ke ci mini rai shi ne wannan. Sun yi alkawarin gyara dokar Bossi-Fini, wadda ta ɗaure takardar zama da kwantiragin aiki, sun kuma kawo ƙudurin rage jiran zama ɗan ƙasa daga shekara goma zuwa biyar. Rigimar cikin gida ta cinye lokacin, ko ɗaya bai zama doka ba. Berlusconi ya dawo, a 2009 aka mai da zama ba takarda laifi. Har gobe shekara goma ake jira.

Ku gaishe da kowa da kowa.

Naku, daga Bolonya.