Abin da shekara uku na jagorancin mawaƙan jami'a suka koya mini

A makon jiya na miƙa mabuɗin ɗakin da muke bita ga wanda zai gaje ni, kuma tun daga ranar zuciyata take komawa ga daren bikin ƙarshen shekara na farko da na jagoranta a nan Maradi, domin a daren ne na yi kuskuren da har yau ban gama haɗiye ɗacinsa ba.

Na zaɓi mu rera sashen ƙarshe na babban kiɗa na tara na Beethoven, Bajamushen nan mai tsara kiɗa, wanda aka fara kaɗawa a birnin Viyana a 1824, lokacin da mai shi ya riga ya kurumce. Baitocinsa na asali na Schiller ne, wani marubucin waƙoƙi Bajamushe, da Jamusanci, sai na ga ya fi dacewa in ɗora wa karin baitocin Hausa na yabon ƙasa, don iyayen da za su zo su ji da kunnensu. Na zauna na ƙirga gaɓoɓi, kowace gaɓa da sautinta, ban tsaya na lura cewa Hausa tana da nata hawa da sauka, da nata tsawo da gajarta ba. A ƙarshen layin farko karin yana jan sauti guda a sama, sa'an nan ya gangaro, kuma daidai wurin na ajiye kalmar "garinmu". Da rukunan muryoyinmu huɗu suka ja gaɓar "ga" a sama da ƙarfi, abin da ya shiga kunnen jama'a shi ne garin tuwo. Dariya ta fara daga kujerun baya ta gangaro gaba, 'yan matan da ke rera siririyar murya suka rikice, ɗaya ta rufe fuska da mayafinta, ni kuma hannuna yana sama na kasa sauke shi.

Malamin da ke kula da mu ya ga baitocin makonni kafin bikin, ya kuma sa hannu, amma washegari a gaban ɗalibai ya ce rawar kan yara ce ta jawo abin kunya. Na ce, "Allah ya ba da haƙuri, Malam," ban ƙara ba. Duk wanda zai riƙe wannan aiki, ina ba shi shawara ya ajiye takardar da aka sa wa hannu.

Wanda ya warware mini matsalar wani dattijo ne mai gadin ƙofa, tsohon makaɗin kalangu. Ya ce mini, "Ɗana, kalangu magana yake bi, shi ya sa ake jin abin da yake faɗa." Daga nan na koma ina furta kowane baiti da baki sau da yawa kafin in ɗora masa kari, waƙoƙin Turai kuwa muka riƙa rera su da harshensu, muna bayyana ma'anar kafin mu fara. Na kuma koyi cewa gajeriyar waƙa da aka ƙware a kanta ta fi doguwa, kuma ɗalibin da ya saba da amshi tun yana yaro yana kama muryarsa da kunne kafin ya iya karatun alamomin kiɗa.

A bikin bana mun rera waƙoƙi bakwai, huɗu da Hausa, babu wanda ya motsa har muka gama. Littafin da na bar wa magajina yana ɗauke da alamar hawa da sauka a kan kowace gaɓa, kuma shafin wancan dare yana ciki, ban yage shi ba.