Masu Sabon Hannu a Tirela, Ku Daina Sakin Mota Firi

Ranar Asabar ina zaune wajen mai shayi a Ɗanmagaji da ke Zariya sai ga ɗan ƙanwata da bai daɗe da karɓar mota ba, ya faka DAF ɗinsa ya shigo cikin abokansa yana ba su labari da alfahari, wai shi yanzu ya gano kan aikin, duk gangarar da ya samu sai ya zare giya ya saki mota firi, kafin ya kai Legas ya samu rarar gas ɗin da zai sayar. Na ja shi gefe na yi masa magana, buɗar bakinsa sai cewa ya yi, "Haba Kawu, ai kowa haka yake yi, kuma motocin yanzu ba irin naku na da ba ne." Tun ranar barci bai yi min daɗi ba, shi ya sa na ɗau waya nake wannan rubutu.

Ni ma na yi wannan abin, kuma na daɗe ina yi. A lokacin mai mota aunawa yake ya ba ka gas daidai tafiya, kuɗin hanya kuwa kafin ka wuce shingaye ka sallami 'yan haraji da 'yan kamasho ya ƙare, albashi sai an ga dama, ga mata ga yara a Tudun Wada ga kuɗin haya. To a ina ake so direba ya samu? Har yau in na tuna ba na jin cewa ni ɓarawo ne, haƙƙina nake cirewa ta bayan gida tunda an hana ni ta ƙofa. Amma kuma wallahi ba yunwa kaɗai ba ce, akwai son a ce wane ya iya mota, akwai daɗin yadda take tafiya shiru iska na dukanka.

Wata rana na yi lodin masara daga Saminaka zan kai Inugu, na bi ta Jos na nufi Akwanga. Duk wanda ya san Hawan Kibo, gangarar da ke kan wannan hanyar, ya san ba wurin wasa ba ne, ni ma na sani, ban yi niyyar sakinta a tsakiyar gangarar ba, tun daga sama na zare giya da nufin in ta ɗan ɗau gudu in mayar. Mota mai cike da kaya ba ta jiran niyyarka. Kafin in ankara gudun ya wuce wanda giya za ta shiga, na taka kuloci na tura sai ƙara kawai take, ta ƙi. Sai na koma kan birki ina takawa ina saki, kuma abin da yaran yanzu ba su gane ba kenan, birkin tirela da iska yake aiki, injin ne ke juya kwamfireso ya tara iskar, in mota tana firi injin yana silo ne, wato a hankali yake juyawa, iskar da yake tarawa ba ta kai wadda kake zubarwa duk takawa ɗaya ba. Ina kallon allurar iska tana sauka, ga warin birki ya cika kan mota don diram ya yi zafi lainin ya daina kamawa. Ƙari a kan haka akwai tayar bodi da bakanike ya toshe wa layin iska saboda yoyo, na gaya wa mai mota ya ce in lallaɓa in dawo tukuna. Wannan kam laifinsa ne, ba zan ɗauke masa ba. Amma ni ne na tayar da motar a haka.

Da na ga ƙaramar mota cike da mutane a gabana sai na karya sitiyari na jingina ta da gefen dutse, ta kwanta. Ni na fita da karayar hannu. Yaron motata, wanda mahaifiyarsa ta kawo min shi da hannunta ta ce amana, ƙafarsa ta dama ba ta dawo ba. Mutane sun ta cewa na yi jarumta na ceci rayuka, na ɗan jima ina karɓar wannan maganar don tana sanyaya min rai, ana cewa ƙaddara ina cewa haka ne. Ƙaddara gaskiya ce, na yi imani da ita, amma hannuna ne ya zare giyar nan, saboda gas ɗin da kuɗinsa ko buhun masara biyu ba zai saya ba.

Na so in jero muku shawarwari da yawa, yanzu da na zo nan sai na ga ba su da yawa. Giyar da za ka sauka gangara da ita tun a sama ake sa ta, ƙarama, ka kunna birkin inji, wanda ke rage gudu da ƙarfin injin, ka bar mota ta riƙe kanta, birkin ƙafa na taimako ne kawai. Masu cewa motocin yanzu daban ne, eh daban ne, amma ba ta inda kuke zato ba: in tana cikin giya ka ɗaga ƙafa daga totur a gangara injin yanke shan mai yake yi, a firi kuwa sai ya sha na silo. Wato kana sayar da ranka ne kan abin da bai taka kara ya karya ba. Kullum da safe ka zubar da ruwan tankin iska, ka tsaya allura ta cika kafin ka motsa, ba ka tayar da mota ka figa kana duba TikTok ba. Ni abin nan na ɗaukar bidiyo hannu ɗaya a sitiyari hannu ɗaya a waya yana ƙona min rai, tan talatin ne fa a bayanka.

In birki ba lafiya kar ka tashi, ko mai mota zai mutu don fushi, ajiye masa makullinsa. Na san da sauƙin faɗa, ni ma ban iya ba a lokacin, kuma ba zan ce ka yi ta jefar da aiki kana da iyali ba, aikin ma yanzu ina yake. Ka lallaɓa shi, ka kai maganar wajen shugabannin yuniyan, ka yi duk yadda za ka yi, amma dai kar ka tashi. Gas kuma ba naka ba ne, ka yi ciniki a kan albashinka da kuɗin hanya tun kafin ka karɓi mota, da baki, a gaban shaidu.

Sannan ku daina gaggawa. Mu sai da muka sha wanke mota da kwance taya da kwana ƙarƙashin bodi a Tafa da Mararrabar Jos kafin a bar mu mu ja ko da ribas ne, yanzu yaro bai gama sanin sifana ba yana neman a ba shi makulli, lasisin ma na ƙaramar mota ne a aljihunsa alhali na tirela aji G ne. 'Yan Road Safety sun ƙayyade wa tirela da tanka kilomita 60 a awa a kan babban titi mai hannu biyu, ku je tsakanin Kwangila ta Zariya da Kano ku ga ko akwai mai bi, tunda aka gyara titin nan kowa ya zama ɗan tsere, har da mutane a saman kaya.